Ruwa Na Zuba Kan Irin Dawar Mutanen Tudun Marke

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ke kula da gidajen da hukuma ta saukar da mu a cikinsu a nan Birnin Gwari, tare da kansilolin da ke zama da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Yaya iyali, yaya zafin bazara, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya ba ku ikon sauke abin da aka ɗora muku.

Sunana Barau, mutumin Tudun Marke. Ni ne tsohon nan na ɗakin ƙarshe a Layin Baya, wanda akawunka ya gaji da gani a kan bencin ofishinku. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, mai shagon buga takarda na bakin tasha yana rubutawa, na kuma hana shi gyara mini baki. In ka ji magana ta yi kauri, tawa ce, ba tasa ba. Na sa a rubuta ta a fili ne don na bi hanyar sirri har takalmina ya cinye, ban samu komai ba.

Wataƙila ba ka san Tudun Marke ba. Ƙauye ne a bakin dajin Kamuku, can aka yanke cibiyata, can ubana da kakana suke kwance. Da mutanen daji suka hana mu noma suka hana mu barci, muka tashi gaba ɗaya, hukuma ta ba mu wannan layi. Ba zan ci amanar gaskiya ba, an yi mana alheri a lokacin, kuma ina godiya har gobe. Kukana a yau a kan rufi ne, da abin da ke rataye a ƙarƙashinsa.

Na farko, abin da ke cikin ɗakin. A garinmu, kafin a sa lauje a gona, maigida kan zaga da kansa ya zaɓi zangarniyar dawa mafi kyau, ya ɗaure ta daban, ya rataye a saman murhu inda hayaƙi zai riƙa bugunta don kada ƙwari su ci. Wannan shi ne irin gidan. Ba a cin sa ko da yunwa ta kai inda ta kai, ba a sayarwa. Ranar da muka gudo, na ga mata sun bar tukwane da tabarmi, amma ban ga gidan da ya bar irinsa ba. Da mutanenmu suka fara watsewa daga layin nan, wasu Kaduna, wasu Funtuwa, wasu wajen 'ya'yansu a inda ba gona, kowa kafin ya hau mota sai ya kawo mini ƙunshinsa ya ce in riƙe masa har ranar komawa. Ba rubutu a jikinsu, da ɗauri nake gane su. Na Ayuba, abokina Bagwari da muka yi kiwon awaki tare tun muna yara, da igiyar rama yake. Na gidan Liman da kaba. Na marigayiya matata Gambo, wanda ta zo da shi daga gidan ubanta, da bakin tsohon zanenta na ɗaure shi. Duk damina nakan shuka kaɗan-kaɗan a bayan layi, in ya nuna in sabunta ƙunshin kowa, don iri in ya daɗe a rataye mutuwa yake yi. Wannan shi ne aikin da ya rage mini a duniya.

Na biyu, kwanon ɗakin. Iskar farkon daminar bara ta ɗaga shi ta gefen gabas, ƙusoshi suka fita, katakon da ke riƙe da shi ya ruɓe. Ruwa ba ɗiga yake yi ba, zuba yake yi. Na jera ƙwarya da roba da tukunyar Gambo, na riƙa kwashe ƙunshin nan daga wannan kusurwa zuwa waccan, ina rufe su da rigata da bargona. Duk da haka ƙunshin Malam Sale ya sha ruwa. Kaura ce mai jan ido wadda gidansu kaɗai ke da ita a duk yankinmu. Ta tsira a rataye, ta yi baƙi, ta ruɓe. Na aika masa da labari, wanda na aika ya ce da ya ji, sai ya tashi ya shiga ɗaki. Ranka ya daɗe, wannan dawar ta ƙare ke nan. Kuɗi ba ya sayo ta, don ba ta kasuwa.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai, yadda kuke karɓar kuka. Na je ofishinku, akawu ya karɓe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce doka ita ce kuka sai ya biyo ta hannun shugaban layi, kuma sai maƙwabta sun shaida cewa ɓarnar gaskiya ce. Na gane dalilin dokar, an yi ta ne don kada wani ya fasa ƙofarsa ya ce iska ce. To amma shugaban layinmu Malam Sale ne, ya tafi. Maƙwabcina na dama Ayuba ne, ya tafi. Ta hagu Inna Kande ce, mun kai ta makwancinta. Daga wannan bakin layin har wancan, ni kaɗai ke hura wuta. Na ce to ni ne shugaban layi, aka ce sai an zaɓe ni. Wa zai zaɓe ni? Ƙadangarun da ke shan rana a kan dakali? Na kawo mai shayin bakin hanya ya shaida, aka ce ba ɗan layi ba ne. Na roƙa a ba ni makullin ɗakin Ayuba, wanda rufinsa lafiya lau yake kuma ba kowa a ciki, aka ce sunana ba a kansa yake ba. Na ce to a bar ni in nemo kafinta da kaina, aka ce duk wanda ya taɓa ginin hukuma ba izini zai rasa ɗakinsa. Na koma, na sake komawa, har masu gadin ƙofa suka daina tambayata wurin wa na zo.

Na huɗu, zagayen da kuka yi. Bayan kaka an zo an shafe gaban layinmu da fenti, har da ɗakunan da ke kulle. Ya yi kyau, ba laifi. Na kira masu fentin su leƙa sama, suka ce su ba a aiko su sama ba. Bayan nan kuka zo da motoci don jin ra'ayin mazauna. Na yi wanka, na sa rigar Juma'a, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, na ajiye ruwa a randa saboda baƙi. Kun tsaya a layin gaba, kun yi magana da shugabansu, kun tsaya a na tsakiya. Namu da ba shi da shugaba, daga cikin mota aka dube shi. Na ɗaga hannu, wani a ciki ya ɗaga mini, kuka wuce. Daga baya a masallaci aka ba ni labari wai a taronku an yaba wa Layin Baya, an ce shi ne layin da bai taɓa kawo kuka ba, mazaunansa sun gamsu. Mutane suna dariya suna yi mini barka. Ni ban yi dariya ba. Na dawo na naɗe tabarmata. Layin da ba kowa dole ya yi shiru, ranka ya daɗe. A haife na haife ka, shi ya sa zan faɗa maka kai tsaye: ba gamsuwa kuka ƙirga a layinmu ba, kufai kuka ƙirga.

An ce mini ina da taurin kai, wai in tattara in koma wurin ɗan 'yar'uwata a Zariya. Ya kira ni, Allah ya yi masa albarka. Amma gidan haya yake a sama, da gas suke girki, ba murhu, ba bayan ɗakin da zan shuka ko kunya ɗaya. Kuma mutanenmu nan suka bar ni, nan za su neme ni. Da la'asar nakan zauna in bi ƙunshin nan da ido ɗaya bayan ɗaya, in tuna gonar kowa, daga ina ta fara, wace bishiya ce iyakarta da ta maƙwabcinsa, wa ya auri 'yar wa. Ba wanda nake faɗa wa. Ina maimaitawa ne don kada ya zube mini.

Ga abin da nake roƙo.

A turo kafinta ya gyara kwanon nan kafin ruwan farko. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, tsohuwar gwiwata ma ta fara ba ni labari.

In gyara zai ɗau lokaci, a ba ni aron makullin ɗakin Ayuba. Ba zan kwana a ciki ba in ba ku so. In rataye irin, in riƙa hura masa wuta, shi ke nan.

A duba dokar shaidar maƙwabta. In mutum ba shi da maƙwabci, kansila ɗaya ya sauko daga mota ya shiga ɗakin ya ɗaga kai. Ba na jin ni kaɗai ne a irin wannan hali, akwai tsofaffin da ko ƙarfin zuwa bencinku ba su da shi.

A cire sunan layinmu daga cikin waɗanda suka gamsu. Ban gamsu ba, kuma ban yarda a ce na ce na gamsu ba.

Saura magana ɗaya, ba taku ba ce, amma tunda wasiƙar a fili take, ku yi mini haƙuri in bi ta kanku. Ya ku mutanen Tudun Marke, duk inda kuke, in wani ya karanta muku wannan: na riƙe muku amana iya ƙarfina, amma ba zan iya yi muku alkawarin wata daminar a ƙarƙashin wannan rufi ba. Kowa ya zo, ko ya aiko ɗansa, ya karɓi rabin ƙunshin gidansu, ya shuka ko a bayan banɗaki ne, ko a cikin tsohon bokiti. Rabin zan riƙe, don ban fid da ran komawa ba. Ayuba, in kana da rai, kai kada ka aiko kowa. Ka zo da ƙafarka.

Ranka ya daɗe, Allah ya tsare ka da iyalinka, ya rufa maka asiri duniya da lahira. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya buɗe mana hanyar gonakinmu. Allah ya sa ka tsufa a cikin mutanenka, kana kira ana amsawa.

Na gama tawa. Wassalam.

Barau Tudun Marke,
Ɗakin ƙarshe, Layin Baya.