Kwandala Mai Fuska Ɗaya

Garwa, Maris 2017

Zuwa ga ƙanena Bilya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Mairamu da zafin Figil. Mu nan ƙalau muke, sai kewarku.

Saƙonka ya iso ta hannun direba. Na karanta na ajiye, na sake ɗauka, don na zaci rana ce ta taɓa ka. Wai za ka bar aikin siminti ƙarshen wata saboda kwandalar da muka tsinta a akwatin marigayi Baba! Dala biyar ce fa, sefa ashirin da biyar. Na ji bayaninka, ka gani a waya cewa idan injin buga kuɗi ya yi kuskure ya bar gefe ɗaya fayau, babu zanen barewa babu rubutu, Turawa masu tara irinsu suna saye da tsada. To ni abin da na sani, a kasuwar nan ko mai gyaɗa ba ta karɓar kuɗin da ya shafe, jefo maka shi take yi har da harara.

Ka san wuyar da ka sha kafin ka samu aikin nan. Don Allah kada ka miƙa takardar barin aiki sai na kai ta an duba.

Yayarka mai ƙaunarka,
Hindu

Garwa, Maris 2017

Ƙanena Bilya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙura, yaya tarin da ka ce yana damunka?

Na kai kwandalar wurin maƙwabcinmu Baba Eugène, wanda ya yi ritaya daga banki. Bai yi mini dariya ba, ya ce irin wannan kuskuren yana faruwa da gaske. Sai dai wadda inji ya tsallake, nauyinta ɗaya da sauran, don ba a cire mata komai ba. Muka je wurin maƙerin zinariya aka ɗora ta a sikeli da wata dala biyar. Tamu ta yi sama, ba ta kai waccan nauyi ba. Ya ba ni gilashin ƙara girma, na ga ƙananan zane birjik duk sun bi hanya ɗaya, bakin gefen ma an cinye shi. Ya ce ba jabu ba ce, kuɗin gwamnati ne, amma hannun mutum ne ya goge ta.

Raina bai yi daɗi ba, wallahi, don ni ma a hanya har na fara zaɓar maka launin mota. Ka yi haƙuri, ka riƙe aikinka.

Taka,
Hindu

Garwa, Afrilu 2017

Bilya ƙanena,

Ina gaishe ka, ko da yake na ji fushi kake yi da ni. Mairamu ta gaya mini ka ce tsoho bai san kasuwar zamani ba, kuma takardar tana aljihunka, Litinin za ka miƙa. Saurara tukuna.

Gwaggo Ƙaltume, ƙanwar marigayi Baba, ta zo daga Marwa. Tana ganin kwandalar a kan faifai ta ɗauka ta rufe bakinta da mayafi. Ta ce an haife ka da ƙatuwar cibiya, kana ta kuka, tsofaffi suka ce a ɗaure maka kwandala a kai, irin abin da asibiti ta hana yanzu. Aka ɗaura, zanen barewar ya kwanta a fatarka har ta yi ja. Baba, mutumin da bai taɓa ɗaukar ɗayanmu a gaban mutane ba, ya kwance ta ya shige bayan ɗaki da dutsen wasa wuƙa. Kasuwa ma bai fita ba. Yana gogawa yana shafa ta a kumatunsa, in ya ji kaushi ya koma dutse. Da Gwaggo ta leƙo, ya daka mata tsawa wai gatari yake wasawa.

Na yi kuka har Gwaggo ta koma rarrashina. Ga kwandalar nan na ƙulle a ƙyalle na ba direba, taka ce. Ɗaga rigarka ka dubi cibiyar nan da muke yi maka tsiya da ita, sannan ka yage takardar ka tafi aiki Litinin. Babu Baturen da zai saye ta, Bilya, don ba kuskure ba ce. Da gangan aka yi.

Ka gaida Mairamu. Allah ya jiƙan Baba.

Yayarka,
Hindu