Gidan Nan Mai Furanni

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ya maigidanki, ya yara, ya ƙafar nan taki? Na sauka lafiya, ɗanki da matarsa suna gaishe ki.

Auta, abin da idona ya gani a garin nan ya fi ƙarfin baki! Gidansu can sama yake kusa da tsuntsaye. Wani akwati ake shiga, ya rufe bakinsa ya haura da mutum. Salati na yi ta yi har muka isa. Jirgin ƙasansu kuwa a rami yake tafiya kamar gafiya. Na shiga na bi mutane da gaisuwa, ko wanda ya ɗaga kai. Wata kuma na gani tana tura keken jarirai, na leƙa in yi barka, wallahi kare ne sanye da riga!

Ɗanki ya ce na zo ke nan, ba komawa. Don haka ki sayar da awakina, ɗakina kuma ki bar wa 'yarki ta zuba kayan ɗinkinta.

A gaida kowa da kowa.

Yayarki.

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni jiki kalau, zaman shiru ne ke cina. Tun duku-duku suke fita aiki, sai dare. Rannan na ɗora tukunya na manta, wani abu a rufin ɗaki ya ɗauki ihu, sai ga motar kashe gobara. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗanki ya dawo a guje yana ta dudduba ni.

Ranar hutu suka fita da ni buɗe ido. Mun je inda ake ajiye tsofaffin tukwane a gilashi mutane na layin kallo. Da na sani ai da na taho da nawa. Daga nan sai wani gida mai furanni, tsaf-tsaf, cike da tsofaffi, wasu a keke, wasu na shan hantsi. Na bi su na gaisa. Na ce wa ɗanki ko wane ne mai gidan nan Allah ya yi masa albarka, ya tara iyaye da kakanninsa wuri guda, haka ake zumunci. Matarsa ta sunkuyar da kai, ban san dalili ba.

Ki shafa mini kan yara.

Yayarki.

Auta,

Ina gaishe ki, ke da yara.

Jiya sun mayar da ni gidan nan mai furanni. Wata ma'aikaciya ta kai mu wani ɗaki, ta bubbuga katifa, ta yi mini alama in zauna in ji laushi. Ina waigawa sai ga matar ɗanki tana auna taga, shi kuma yana neman alƙibla a wayarsa. Innalillahi! Ashe ba dangin kowa ba ne, Auta. Kowa ɗansa ne ya kawo shi ya ajiye, ni kuma ina ta sa albarka da bakina. Akwai wata da na gani ranar farko a bakin ƙofa rungume da jaka, na ɗauka unguwa za ta. Jiya ma a nan na same ta, da jakar.

A mota ya yi kuka irin na ranar da na yaye shi. Ya ce tsoro yake ji kada ya dawo ya tarar na ƙone, ko na faɗi ba kowa. Can akwai masu kula, kuma zai riƙa zuwa. Ban yi masa baki ba, don ba mugunta ba ce, a nan haka suke son uwa. Amma zuciyata ta karye, kuma ni ba zan rungumi jaka a bakin ƙofa ba. Na gaya masa gara in faɗi inda ƙanwata za ta ji ƙarar faɗuwata.

In kin sayar da awakin, ba komai. Ɗakin dai ki ba 'yarki haƙuri ta kwashe kayanta, a share mini shi.

Ki gaida maigidanki. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki mai kewarki.