Ba Zan Ɗage Masa Tabarmar Ba

Inna Moana, ki taimake ni, zuciyata ta ƙi sanyi. Ban yi karatu mai nisa ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Ɗana Fetu ya samu tallafin karatu a tsohuwar jami'ar nan ta Sydney mai ginin dutse. Hotonsa a gindin hasumiyarta, cikin rigar sanyin aro, har yau yana jikin bangona. Tare suka tafi da Aleki, ɗan ƙauyenmu, ɗakinsu ɗaya. A gaban fasto Aleki ya ce zai riƙe min shi kamar ƙaninsa.

Lokacin jarrabawa zazzaɓi ya kama Fetu, yana kukan wuya. Aleki ya ba shi maganin mura, ya ja masa ƙofa, ya tafi rubuta tasa jarrabawar don kada tallafinsa ya salwanta. Ashe sanƙarau ne. A akwati ɗana ya dawo min. Shi kuwa Aleki ya kammala, har da furanni a wuya.

Yanzu danginsa za su zo ifoga, wato neman gafara irin na al'adarmu: zai durƙusa a ƙofarmu lulluɓe da tabarmar girma, ba zai tashi ba sai mun ɗage ta. Shugaban gidanmu ya ce maganata yake jira. Ni so nake rana ta gasa shi, gari na kallo, har ya faɗi. Shi ma ya ɗanɗana jiran wanda ba zai zo ba. Laifi ne?

Uwar Fetu, daga tsibirin Savai'i

'Yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri. Fushinki ba laifi ba ne. Aleki ya yi alkawari ya karya, ba zan wanke shi ba. Amma yaro ne a baƙuwar ƙasa, kuma sanƙarau kamar mura yake farawa.

Ki tuna ba shi kaɗai rana za ta gasa ba, tsoffinsa na zaune a bayansa. Idan kuma suka koma ba a ɗage ba, gabar ta zama gadon jikoki.

Ki bar shi ya ji zafin, amma kada ki kai shi faɗuwa. Ki ɗage da hannunki, ko da ba ki huce ba, domin akwai abinki a wurinsa. Shi kaɗai ya san inda Fetu yake zama ya yi karatu, abin da yake ci, da abin da ya faɗa a safiyar da ya ja masa ƙofa. Ki zaunar da shi ya gaya miki duka yana kallon idonki. Wannan zai fi masa rana zafi, ke kuma za ki karɓi shekarun ɗanki da ba ki gani ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Inna Moana