Shirun Maigida Veikko

Litinin, 7 ga Afrilu

Yau Sirkka, shugabar shagonmu, ta tuna mini cewa watannin gwajina za su cika ƙarshen wata. Kamar na manta! Tun zuwana ban sayar da tarakta ko ɗaya ba, sai tayoyi da baƙin mai. In ba a tabbatar da ni ba, matata Helmi da 'yarmu ba za su baro Kuopio su biyo ni Seinäjoki ba. Haka muka yi da ita, kuma da gaskiyarta, wa zai ajiye aikinsa don ya bi miji marar tabbas? Na gaji da cin dankali ni kaɗai a tsaye gaban murhu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Sa'a ta leƙo. Wani tsohon manomin sha'ir, Veikko, ya bugo waya da kansa yana son ganin sabuwar tarakta kafin shuka. Na tuƙa ta har gonarsa cikin taɓo, don ƙanƙara ta fara narkewa.

Ya zagaya ta, hannu cikin aljihu. Ya tsaya bakin ƙofarta ya ɗaga kai. Na ce, "Maigida, hau mana ka ji daɗin kujera!" Ya ce, "To." Bai hau ba. Mu mutanen Savo, yankin da Kuopio take, in mutum ya yi shiru a gabanmu sai mu ɗauka ba shi da lafiya, don haka na buɗe wuta: ƙarfin inji, ƙarancin shan mai, har da labarin kawuna da ya faɗa rami da tasa. Ko murmushi. Matarsa Aune ta ba mu kofi da burodi mai zaƙi, nan ma ni na cika ɗakin.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Sirkka: "Me ya ce?"
Na ce bai ce komai ba.
"Ka bar masa wurin da zai sa kalma?"

Wai nan ba Savo ba ne, a nan in mutum ya yi shiru magana yake haɗawa, ni kuma sai in zo in watsa masa ita. Wai rediyo ma akan kashe shi ya huta. Raina ya ɓaci. Da wannan bakin na ci abinci shekara da shekaru.

Talata, 15 ga Afrilu

Na kira Helmi, na zayyana mata wani gida mai ɗaki biyu da na gani kusa da makaranta. Ta ce, "To." Ita ma ta koyi halin mutanen nan tun kafin ta zo.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na koma wurin Veikko. Ya yi shiru, na rage farashi. Ya ƙara yin shiru, na ƙara ragewa. Mutumin bai ma nemi ragi ba! Da Sirkka ta ji sai ta dafe kai: "Tarmo, kai ke sayarwa, kai ke tayawa?" Na ji kunya ƙwarai. Ina tsoron na ɓata komai.

Talata, 22 ga Afrilu

Na zaci za ta karɓe cinikin ta ba wani. A'a. Ta ce, "Gobe zan raka ka, amma cinikin naka ne. In ka riga shi buɗe baki, zan taka maka ƙafa." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Yatsun ƙafata sun kumbura. Matar nan takalmin ƙarfe ta sa, na rantse.

Mun zauna a teburin girkin Aune. Na gaishe su, na ce, "Maigida, me ka gani game da ita?" Shi ke nan na kama bakina. Shiru. Ina jin ƙarar cokali, ina jin kare yana numfashi ƙarƙashin tebur. Na ja numfashi zan yi magana, sai ƙafa. Na sake, ƙafa.

Can dai Veikko ya ajiye kofinsa, bai kalli kowa ba, ya ce, "Matakalarta ta yi bisa."

Aune ta ce, "Gwiwarsa ce. Tsoho da taurin kai, ya fi son ya mutu da a ce ya kasa hawa."

Ashe tun ranar farko yake son ta, kunyar faɗa ce ta hana shi, ni kuwa ina ta yi masa waƙar inji. Na ce ana iya ƙara mataki a ƙasa, da ƙarfen kamawa. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma babu wanda ya taka ni.

Litinin, 28 ga Afrilu

Makanikinmu ya gama matakin. Veikko ya hau a hankali, ya zauna, ya daɗe yana kallon gonarsa daga sama. Ya ce, "Bar ta nan."

Laraba, 30 ga Afrilu

An tabbatar da ni. Sirkka ta miƙo hannu ta ce, "Ba laifi." A garin nan wannan kirari ne.

Na kira Helmi na faɗa mata a taƙaice, sai na yi shiru. Shirun ya yi tsawo har ta ce, "Kana nan kuwa?" Na ce ina jin ki.

Sai ta fashe da kuka. Ashe ba aikinta ne ya riƙe ta ba, mahaifiyarta ce. Tsohuwar ta fara mantuwa, ta bar murhu a kunne, kuma Helmi ba za ta iya tafiya ta bar ta ba. Tun cikin hunturu take son gaya mini. Na ce me ya hana? Kafin in rufe baki na tuna tambayar da Sirkka ta yi mini, sai ban matsa ba.

Na ce zan nemi gida mai ɗaki uku, a ƙasa, ba bene, su taho har da tsohuwar.

Ta ce gobe za ta fara ɗaure kaya.