Dabinon da Mama Ta Tauna

Garwa, 4 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Sadiƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Allah ya sauke ki lafiya. Na ba direban motar shinkafa wannan takarda saboda bakina ba zai iya faɗar abin a waya ba.

Yau kwana arba'in da rasuwar ɗana Taufiƙ. Kwana goma sha tara ya yi a duniya. An ce miki zazzaɓi ne. Ba a gaya miki ƙurajen da suka feso masa a baki da fatar kai ba. A lopital, wato asibiti, sun ce ƙwayar cuta ce mai suna erpes, daga bakin babba take kama jariri.

Kin san dasashin Mama ya yi shekaru yana jini. Makon jiya na kai ta wurin Madam Joséphine, likitar haƙori. Ta ga tabon ƙurji a leɓenta, ta ja ni gefe. Ta ce masu bincike suna zargin irin wannan ƙwaya tana ƙara rura ciwon dasashi, amma ba su tabbatar ba. Sai ta tambaye ni ko akwai jariri a gida.

Sadiƙa, ranar da na haihu Mama ce ta tauna dabino ta shafa masa a baki, kamar yadda ta yi mana duka. Ƙurjin yana ɗanye a ranar. Na gani da idona, har na yi mata sannu.

Ranar Asabar za ta taho wurinki Yagwa zaman jegonki. Ta riga ta sayi dabinon. Don Allah ki hana ta. Ba ta san komai ba.

Yayarki,
Iyatu

Garwa, 11 ga Afrilu

Sadiƙa ƙanwata,

Ina gaishe ki, ya nauyin jiki? Saƙonki ya iso. Kin ce ba za ki iya kallon idon Mama ki hana ta sa wa jikanta albarka ba. Ban ga laifinki ba.

Ni na gaya mata, ran Juma'a, tana ɗaure kaya. Na ce likita ba ta rantse ba, kuma kwana ya ƙare ne. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance kayan ɗaya bayan ɗaya, ta ware kofinta da cokalinta daga namu. Ko yaran maƙwabta ba ta bari su matso ta.

Shekaranjiya ta fita ba sallama. Ashe wurin Madam Joséphine ta je, ta roƙe ta ta cire mata haƙoran duka, har masu lafiyar. Madam ta ƙi, ta ce ƙwayar ba a haƙori take zaune ba. Ta wanke mata dasashin, ta ce tana iya ɗaukar jariri, bakinta kawai za ta kiyaye, ta kuma wanke hannu. Mama ta dawo a ƙasa tun daga can, cikin ranar nan ta Garwa.

Ta ce ba za ta zo ba. Ni ba ta duba fuskata yanzu, don haka maganata ba za ta yi ba. Idan kin sauka, maigidanki ya yi dabinon. Amma ki kira ta da kanki, ki ce ba ki yarda kowa ya yi wa jaririn wankan farko ba sai ita. Ko an riga an yi, ki faɗa mata haka.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Iyatu