Saiwar-Maciji a Tudun Mama

Emporia, Kansas, 22 ga Maris, 1987

Yaya Lorene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baba kuna lafiya, ciwon bayanki kuma ya yi sauƙi.

Hoton furannin da kika shuka bara a tudun Mama ya iso, na kuma cire miki hula. Manya-manya, jere reras kamar sojoji. Na kafa shi a rumfata ranar Asabar, mata uku suka tambaye ni ko na roba ne. Aibinsu ɗaya tak: ba su ne saiwar-macijin Mama ba, furen dajin da ke fitowa a tudun da kansa. Shekarata goma sha biyar ina sayar da dashe a kasuwa, na san irin kanti ko a cikin buhu. Ganyensa da faɗi, a lambunan gabas ya saba, inda ake shayar da shi kamar jariri.

Baba ma ya gane. Shi ya sa ya ce in furen Mama bai dawo tudun nan ba zuwa ƙarshen Yuni, Hostetler maƙwabci ya sa masa garma. Kin san garma in ta bi wuri sau ɗaya, an gama.

Shekara shida ba a ƙona tudun ba, tun rasuwarta. Ki sa masa wuta a Afrilu yadda take yi, wutar ce ke tayar da furen.

Ƙaninki,
Delbert

*

Gona, 16 ga Mayu

Delbert,

Muna lafiya, Baba na gaishe ka. Bayan yana nan yadda ka san shi.

Mun ƙona tudun, malam masani. Hostetler da kansa ya riƙe mana tankin ruwa yana murmushi, don ya san inda za a ƙare. Abin da wutarka ta haifa shi ne wata ciyawa mai siririn ganye da kaushi, ta mamaye gefen duwatsu. Kwana huɗu ina tuge ta don ta ba furannina wuri. Taurin kai gare ta irin naka, saiwar ba ta fitowa, sai dai ta katse. Baro biyu na cika, sannan bayan ya kwantar da ni. Da na miƙe zan ƙarasa.

Kai da ba ka taka tudun ba tun jana'iza, ba da shawara ba ta yi maka wuya.

Ka huta lafiya.
Lorene

*

Emporia, 19 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice. Don Allah kada ki miƙe. Ki yi ta kwanciya.

Aika a ɗauko miki ganye ɗaya daga baron. In dogo ne siriri, da jijiya uku a tsaye, yana kartar hannu kamar harshen kyanwa, to ki gutsuri guntun saiwar ki tauna.

Lokacin da Mama take kai ni tudun, ke kina gida kina kula da tukunya, fure kawai kika sani a cikin kwalba. Ni kuwa mai ruɓaɓɓen haƙori ne, ita take cusa min a kumatu. Wannan ne ilimina kaf.

Batun jana'iza kuma gaskiyarki ne. Na kasa ne.

Naki,
Delbert

*

Gona, 11 ga Yuni

Ƙanena,

Muna gaishe ka. Na tauna. Harshena ya mutu murus, miyau na zuba, na kasa ko zaginka.

Baba ya karɓa, ya cire haƙoran robarsa ya dasa ta a dasashi. Sannan ya ce, "Ɗauko min sandata." Rabin sa'a muka yi kafin mu kai sama.

Jiya bakwai daga ciyawar da ban kai ga tugewa ba suka buɗe fure, na Mama ne sak. Gajeru ne, ruwan hoda mai haske, kansu da ƙaya kamar bushiya. Ba su kai nawa kyau ba, ka rubuta ka ajiye. Waɗanda na katse ma wasu sun fara toho. Da Earl Hostetler ya zo, Baba ya ce masa, "Earl, je ka nemi wani tudun."

Ka zo ranar Lahadi ta sama. Akwai kaza.

Yayarka,
Lorene

*

Emporia, 15 ga Yuni

Yaya,

Na gode, ina tafe. Zan hau tudun, in kin yarda mu hau tare. Da kaka mu tara irin, mu watsa kafin ƙanƙara ta sauka, don ba ya tsira sai ya sha sanyi.

Abu ɗaya nake so in sani kafin in sayi tsaraba: wa zan kawo wa, ke ko ciwon bayanki da ya hana ki ƙarasa tugewar?

Ƙaninki,
Delbert