Ruwa Kwance

Puna, Indiya, 1973

Kawu Bala,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Iya? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya guje ni tun da na ji labarin fari a rediyo.

Wani abokin karatuna ya kai ni wajen wani malamin yoga. Ka gaya wa Iya zama ne da jan numfashi, sallata tana nan. Malamin ya ce mu rufe ido mu tuna ruwa kwance, hankali zai kwanta. Na rufe, sai na ga kogin Haɗeja ya zama yashi, shinkafarmu tana ƙonewa a fadama. Kowa ya tashi da murmushi, ni da gumi.

Allah Ya kyauta. Kawu, kada ka lallashe ni. Ruwa ya sauko bana, ko bai sauko ba?

Ɗanka,
Auta